Kafin ka manna takardar "akwai waifai kyauta" a shagonka, ga abin da doka za ta tambaye ka

Yanzu kusan ko ina ka leka sai ka ga an rubuta akwai waifai kyauta, gidan abinci ne, shagon aski ne, gidan kallon bal, wajen cajin waya, otal, har da wasu masu shayi da suka waye, kuma tun da Starlink, mai bada intanet ta tauraron dan'adam, ya shigo Najeriya a watan Janairun 2023 abin ya kara yawa don yanzu ko a kauyen da sabis ke wahala mutum zai iya kafa farantinsa a kan rufi ya rabawa rabin unguwa. Abu ne mai kyau wallahi, yana jawo kwastoma, dalibai na samun wajen yin aikin makaranta, kai ma kana samun lada in ka yi da niyya. Amma akwai abu daya da yawancin masu yi basa tsayawa su yi tunani a kai, shi ne layin nan da kake rabawa da sunan wa aka yi masa rajista?

Da sunanka ne. In sim ne a cikin rautar, wato akwatin da ke raba waifai din, toh tun Disambar 2020 da gwamnati ta ce a hada kowane layi da lambar NIN, sim din nan yana dauke da sunanka da hotonka da adireshinka, in kuma kamfani ne ya ja maka waya har shago ko ka sayi faranti, sunanka ne a fom din da katinka aka biya. Mutum hamsin za su hau waifai dinka a wuni amma daga waje duk kamar mutum daya ne, kofa daya suke fita. Idan daya daga cikinsu ya zauna a benci da lemonsa ya turawa wata tsohuwa sakon karya wai daga banki ne ya kwashe mata kudi, ko ya yiwa wani barazanar kisa, masu bincike za su nemi adireshin IP, wato lambar da layinka ke fita da ita a intanet, daga bankin ko manhajar da aka yi amfani da ita, su dauki rana da lokaci su kaiwa kamfanin sadarwa, kamfanin ya bude rikodinsa ya ce ai layin wane ne. Shi mai laifin ya dade da shanye lemonsa ya tafi. Kamar ka bada aron mashin dinka ne aka je aka yi fashi da shi, lambar da shaidu suka rike taka ce, kofar gidanka za a fara bugawa.

Wannan ba yana nufin kai ne mai laifi a idon doka ba fa, laifin wani baya hawa kan wani haka kawai. Amma kafin ka wanke kanka ka sha zirga-zirga, watakila an tafi da rautar da kwamfutar shagon, kasuwa ta tsaya. Don haka duk abin da zan fada a kasa manufarsa daya ce, ranar da aka zo ka iya nuna cewa layin na jama'a ne, ga shaidar su waye suka hau, kuma ka yi hakan ba tare da kai ma ka taka wata dokar ba wajen tara bayanan mutane.

Fara da takardar kamfanin da ke baka intanet

Kafin ma a je maganar gwamnati, akwai yarjejeniyar da ka danna "na yarda" ba tare da ka karanta ba. Yawancin tsarin da ake sayarwa don amfanin gida sun hana ka sake sayarwa wasu, Starlink ma ya rubuta haka a sharuddansa, ba a sake sayar da sabis dinsa sai da izininsa. Abin da za su yi maka ba dauri ba ne, yanke layin za su yi kuma kudinka ya tafi. Toh ka kira su ko ka je ofis ka ce shago gare ni ina so kwastomomi su rika hawa, wane tsari ne ya halatta, in akwai na 'yan kasuwa ka koma kansa ko da ya dan fi tsada, kuma ka ajiye rasit da amsar da suka baka a rubuce. In shagon na da rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, gara layin ya kasance da sunan shagon ba naka na kanka ba.

Kyauta ne ko sayarwa kake?

Nan ne mutane da yawa ke yaudarar kansu. Dokar sadarwa ta Najeriya ta 2003, sashe na 31, ta ce ba wanda zai gudanar da harkar sadarwa ga jama'a sai da lasisin hukumar sadarwa ta kasa wato NCC ko kuma an dauke masa. Wanda ya saka waifai don wanda ya zo cin shinkafa ya duba WhatsApp kafin a kawo masa faranti, sana'arsa abinci ce, waifai din kari ne. Amma ranar da ka fara buga tikiti kana cewa awa daya naira dari biyu, wuni dubu daya, ko ka dora eriya a saman bene kana harbawa gidajen makwabta suna biyanka duk wata, ka tashi daga mai kyauta ka koma mai sayar da intanet, ko me ka rubuta a allon. NCC na da lasisin masu samar da intanet sannan tana da karamin rukuni na masu kafe din intanet, in can ka dosa je ka yi tambaya a ofishinsu tun kafin ka zuba kudi a kayan aiki.

Kuma kar ka ce ai kyauta ce ba ruwan hukuma. A 2018 Google ya kaddamar da waifai kyauta mai suna Google Station a Legas, daga baya ya kai Abuja, a farkon 2019 jaridu suka dauko labarin cewa NCC ta kai korafinsa gaban gwamnati kan yana wannan aiki ba tare da bin ka'idar lasisi ba. Google ne fa, ba mai shagon aski ba. Shi dai girman abin ne ya jawo ido a kansa, ba wanda zai zo ya tsare ka kan rauta daya a cikin shago, amma in kai dan siyasa ne ko kungiya kana shirin jona kasuwa guda ko jami'a, ka hada kai da kamfanin da ke da lasisi, shi ya dauki nauyin bangaren hukuma.

Dokar laifukan intanet, ita ce mai hakora

Dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yiwa gyara a 2024, tana da sashe na 7 da aka rubuta musamman don masu kafe. Ya ce mai kafe ya yi rajista da CAC da kuma majalisar kwararrun kwamfuta wato CPN, ya ajiye littafin da duk wanda ya shigo zai sa hannu, kuma jami'an tsaro na da damar ganin littafin in sun bukata. Wanda ya yi damfara ta kafe zai iya shan daurin shekara 3 ko tarar naira miliyan 1, in kuma aka tabbatar da hadin bakin mai wajen shi ma shekara 3 ko tarar miliyan 2. Abin da ya kamata ka rike a nan shi ne dokar da kanta ta ce mai gabatar da kara ne zai tabbatar da hadin bakin, ba kai ne za ka tabbatar da baka da hannu ba.

Za ka ce ni ai ba kafe nake da shi ba. Gaskiya ne, lokacin da aka tsara wannan sashe tunaninsu na kan dakin nan mai kwamfutoci a jere da fanka na juyawa ana sayen lokaci, yanzu kuwa kowa da wayarsa a aljihu. Amma dokar ta kuma yi maganar "mai samar da sabis" kuma ta bude ma'anarsa sosai, duk wanda ke bawa mutane damar sadarwa ta na'ura ya shiga, sannan sashe na 38 ya ce irin wadannan su ajiye bayanan zirga-zirga da na masu amfani har shekara 2, sashe na 40 kuma ya dora musu taimakawa masu bincike. MTN da Airtel da ire-irensu aka fi nufi, amma ni a ganina duk wanda mutane ke zama a wajensa awa da awanni don intanet, gara ya dauki kansa kamar mai kafe ya yi abin da ake bukata, don ba a caji ofis ake cin gardamar fassarar doka ba.

Akwai kuma dokar damfara ta 2006, wadda EFCC ke aiki da ita, ita ma ta ce masu kafe da masu samar da intanet su yi rajista da hukumar, sannan ta haramta mutum ya bar wajensa ana aikata damfara da saninsa, kuma hukuncin wannan dauri ne na shekaru. Kalmar da za ka rike ita ce "da saninsa". In kullum wasu samari uku na zuwa da laftof da wayoyi shida su kama kusurwa tun safe, in ka matso su rufe sikirin, suna baka dan ihsani ba dalili, kowa a layin ya san sana'arsu, toh ranar da aka zo ba za ka ce baka sani ba, yaron shagonka ma zai bada shaida. Ka sallame su cikin mutunci, ka toshe na'urorinsu a rautar. Kudin lemonsu bai kai kudin lauya ba.

Yadda za ka saita rautar

Ka kira wanda ya iya, irin yaran nan masu gyaran waya da kwamfuta da yawansu sun san aikin, ka tsaya a kansa ya yi maka wadannan.

Na farko a canza faswod din shiga cikin rautar kanta, ba na waifai ba, na saitin. Da yawa har yau admin admin ne, ko kuma yana nan a rubuce a bayan akwatin kuma akwatin na kan kanta kowa na gani. Duk wanda ya shiga nan zai iya goge rikodi ko ya karkatar da kwastomominka zuwa shafin banki na bogi. A daga rautar sama inda hannu baya kaiwa, a kashe maballin WPS, wanda ke barin waya ta hau ba tare da an rubuta faswod ba.

Na biyu a raba netwok biyu, na baki daban naka daban. POS dinka da kwamfutar lissafi da kyamarar tsaro kar su taba zama a layi daya da na jama'a. A bangaren bakin kuma a kunna saitin da ke hana wayoyi ganin juna, yadda wanda ke wancan teburin ba zai iya lekawa wayar na wannan teburin ba.

Na uku, kar ka bar shi a bude ba faswod. Mafi karanci faswod da ake canzawa kullum ko duk sati a rubuta a rasit, wanda ya fi kyau kuma shi ne shafin nan da ke fitowa da zarar mutum ya hau, ya karanta sharudda ya danna ya yarda sannan ya sa lambar tikitin da ka bashi kyauta a kanta. Rautocin kamfanin MikroTik na yin wannan kuma suna nan a kasuwa. Amfanin tikiti shi ne kowane mutum da nasa, ba kamar faswod guda da yaro daya zai karba ya rabawa layin gaba daya ba.

Na hudu shi ne rikodi, kuma nan zan dan tsaya don nan ake kwabawa. Abin da kake bukata kadan ne, wane tikiti, wace na'ura, karfe nawa ta hau karfe nawa ta sauka. Amma kananan rautocin nan da yawa a kwakwalwar wucin gadi suke rike rikodin, da an dauke wuta komai ya goge, wasu ma agogonsu ne ke komawa wata shekara can baya sai ka ga rikodi na cewa mutum ya hau a 1970. Rikodin da lokacinsa ba daidai ba bashi da amfani ko kadan, domin da lokaci ake gane waye. Ka sa a saita agogon ya rika daidaita kansa ta intanet, a jona rautar da dan karamin batiri ko inbata, a rika tura rikodin zuwa filash ko wata kwamfuta. Sannan ka sani wayoyin zamani, iPhone da Android duka, suna boye lambar na'urarsu ta asali su nuna ta aro idan sun hau waifai, shi yasa lambar na'ura kadai bata isa ba sai an hada da tikiti, in kuma akwai kyamara a kofa toh agogonta ya zo daya da na rautar.

Na biyar a sa matata, wato abin da ke tace shafukan da za a iya budewa. Kamfanin Cloudflare na da wata lamba ta iyali kyauta da ake kira adireshin DNS, 1.1.1.3, in aka sa shi a rautar yana toshe shafukan batsa da na cutar kwamfuta da yawa. Ba ya kama komai, mai VPN, wato manhajar boye zirga-zirga a intanet, zai tsallake, amma ya rage, kuma shaida ce cewa ka yi kokari. A garuruwanmu tun kafin doka ta zo, iyayen yara da mai unguwa ne za su fara zuwa in aka ga yara sun yi dafifi a bakin shagonka bayan isha'i suna kallon abin da bai kamata ba, in jihar akwai Hisbah su ma suna tafe. Hotunan batsa na kananan yara kuwa sashe na 23 ne na dokar laifukan intanet, hukuncinsa na kaiwa shekara 10, in ka ga alamar haka kar ka ce bari in rufa asiri, kai rahoto. A rage gudun da kowane mutum zai samu, hakan na korar masu zuwa sauke fina-finai dari don su je su rika turawa mutane a waya suna karbar kudi, wanda shi ma satar fasaha ce karkashin dokar hakkin mallaka ta 2022. Kuma in ka rufe shago waifai din ya rufe, akwai saitin lokaci, don wanda zai zo ya fake a jikin bango karfe biyun dare ba kwastomanka ba ne.

A kasar Jamus an dade ana rigima kan ko mai waifai zai dauki laifin wanda ya hau. Wani mai shagon kayan sauti da fitilu kusa da birnin Munich ya bar waifai dinsa a bude, wani ya yi amfani da shi ya raba waka a 2010, kamfanin Sony Music ya bi mai shagon. Sai a Satumbar 2016 kotun Tarayyar Turai ta ce ba za a sa shi biyan diyyar laifin wani ba amma kotu na iya tilasta masa sa faswod, a 2017 kuma Jamus ta gyara dokarta ta sassautawa masu raba waifai. Shekara da shekaru mutumin na yawon kotu kan waka daya da bai san wanda ya dora ba.

Daya bangaren, bayanan mutane amana ne

Da zarar ka fara rubuta suna da lambar waya ka shiga karkashin dokar kare bayanai ta 2023, wadda hukumar NDPC ke kula da ita. Dokar ta ce ka fadawa mutum me kake karba da dalili, kar ka karbi fiye da bukata, ka tsare shi, kuma in bayanan suka fita ta yadda zai iya cutar da masu su ka sanar da hukumar cikin awa 72. Tarar karamin dan kasuwa na iya kaiwa naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin dari na kudin shigarsa na shekara, duk wanda ya fi yawa.

Abin da na fi gani shi ne littafin nan mai bangon kwali da ake ajiyewa a kan kanta da biro daure da zare, kowa ya zo ya rubuta sunansa da lambarsa, mai zuwa na gaba kuma kafin ya rubuta nasa ya karance shafin tas, wata yarinya ta rubuta lambarta da rana da daddare wani bako na kiranta. Kai ka jawo mata. Littafin ya zauna a durowa, kai ko yaronka ne zai rubuta, kuma ka ja masa kunne shi ma. Suna da lambar waya sun isa, babu dalilin karbar NIN ko daukar hoton katin mutum, BVN kuwa kar ma ka fara. Kar ka kwashi lambobin ka zuba a guruf din talla sai wanda ya ce yana so, kar ka bawa dan takara ko wani mai talla ko nawa zai biya. Yaron da bai kai 18 ba dokar na neman yardar iyayensa, mafi sauki ka ce yara sai tare da babba.

Sannan kar wani gwani ya zo ya ce zai saka maka manhajar da za ka rika ganin abin da kowa ke rubutawa. Sanin cewa waya kaza ta hau karfe kaza daban, leka sakon mutum daban, na biyun laifi ne a sashe na 12 na dokar 2015, shekara 2 ko tarar miliyan 5, sashe na 37 na kundin tsarin mulki ma ya kare sirrin sadarwar dan kasa.

Takardar da za ka manna a bango ko shafin shiga ba sai ta yi tsawo ba, da Hausa da Turanci, ga ainihin sunan waifai dinmu don kar wani ya bude mai kama da shi ya yaudare ku, an hana damfara da batsa da satar fina-finai da barazana, muna ajiye lokacin hawa da sauka kuma za mu bawa hukuma in ta zo da takarda, muna iya sauke kowa. Takardar bata goge doka, ba za ta cece ka ba in da hannunka a ciki, amma tana nuna ka gargadi mutane kuma sun san me kake ajiyewa.

'Yan uwa na Nijar inda sana'ar waifai zon, wato sayar da waifai ga jama'a, ta yi karfi a Yamai da Maradi da Damagaram, dokokin can daban ne, ARCEP ce mai kula da lasisi, HAPDP kuma bayanan mutane, akwai dokar laifukan intanet ta 2019, amma saitin rautar duk daya ne.

In an zo

Ka natsu, ka nemi katin shaida da sunan ofishin da suka fito, ka nemi takardar da ta turo su, ka kira lauya ko wani babba ya zo ya tsaya. Kar ka taba rautar, kar ka yi mata risetin don tsoro, goge rikodi a wannan lokacin shi ne zai sa a ce da kai aka yi. Ka tambayi rana da lokacin da suke bincike a kai ka fitar musu da na wannan lokacin, ba littafin shekara gaba daya ba, ka rike kwafi, in sun dauki na'ura su rubuta maka abin da suka dauka su sa hannu. Wanda ya kira ka a waya ya ce shi jami'i ne turo min lambobin kwastomominka ta WhatsApp, ka ce ya zo da takarda. Dokar shari'ar laifuka ta 2015 da dokar 'yan sanda ta 2020 duk sun hana kama mutum a madadin wani, don haka ba a tsare ka wai sai ka kawo kwastoman da ya gudu, in an yi haka lauyanka ya san sashen da zai karanta musu. Bayanin da za ka rubuta kuma ka jira lauyan ya iso, ka karanta da kanka ko a karanta maka da Hausa kafin ka sa hannu.